Yadda Za Ka Sa Ido a Kan Jirgin Surukinka Ba Tare da Ka Ɗaga Kai Ba

Ɗan'uwa, idan an naɗa ka a hukumar da ke duba lafiyar jiragen sama, ko kana jin ƙishin-ƙishin za a naɗa ka, matso kusa, wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka gama wa'adinka lafiya lau. Ba za ka ɓata da kowa ba, ba za ka hana jirgin kowa tashi ba, wuyan rigarka zai ƙara faɗi, kuma duk bikin da aka yi tsakanin Gaya da Ajingi kujerarka tana sahun gaba. An gwada, an ga aikinsa.

Kada ka ce me mai goyo irina ta sani game da jirgi. Ban san komai ba, kuma in ka kai mataki na biyu za ka ga cewa wannan shi ne babban sharaɗin aikin. Abin da na sani shi ne labarin Zubair, mutumin Toranke, wanda ya bi matakan nan har ya kusa kai gaci, sai ya yi tuntuɓe a tsakar gidansa. Da dabarunsa da kuskurensa duk zan shimfiɗa maka. Ka ɗauki na ɗauka.

Mataki na 1: Fara da neman suruki, aiki zai biyo baya

Masu gaggawa sukan fara da tara takardun makaranta. Wahalar banza. Takarda sai ka kai ta ofis a danne ta da wasu takardun. Suruki kuwa da ƙafarsa yake shiga, kuma ba a sa shi layi.

Dubi Zubair. Malamin gona ne a sakatariyar Gaya, aikinsa raba maganin feshi da koya wa manoman Gafasa tazarar shuka. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, ko akuya ce ta gitta masa a babur sai ya ba ta haƙuri. Wannan ladabin Alhaji Ɗantani ya gani ya ba shi 'yarsa Raihana.

Alhaji Ɗantani kuwa, in kai baƙo ne, shi ne wanda ya fara da awon riɗi a kasuwar Gaya, ya koma harkar tireloli, daga tireloli Allah ya ɗaga shi sama: ya sayi jirage biyu na hannu, babba da ƙarami, irin waɗanda suka gama ganin duniya kafin su ga Kano. Ya sa wa kamfanin sunansa. Da Raihana ta haifi 'ya mace aka raɗa mata Nuriyya, ranar suna Alhaji ya miƙe a gaban jama'a ya ce rago ai kowa ma yana yankawa, shi amaryarsa jirgi zai ba ta. Aka rubuta NURIYYA da manyan baƙaƙe a jikin babban jirgin, aka kuma yanka wa jaririyar hannun jari a kamfanin.

Ba a daɗe ba aka zo rabon kujerun hukuma. Alhaji ya buga waya guda, yana tauna goro. Zubair ya tsaya shan mai a hanyar Ajingi, sai ya ji sunansa a rediyon ɗan bumburutu. Ya tambayi mutumin ko ya ji wace hukuma aka ce. Ya ce masa ta jirage. Zubair ya ce, "Na ruwa ko na sama?"

Ka lura: in surukin da ka samu talaka ne, rufe wannan darasi ka koma gona. Ba da kai nake ba.

Mataki na 2: Kada ka san komai game da jirgi

Sani nauyi ne. Wanda ya san irin ƙarar da lafiyayyen inji ke yi ba zai iya gyangyaɗi a mitin ba, kullum kunnensa a tsaye. Kai kuwa so ake ka huta.

Zubair bai taɓa shiga jirgi ba sai ranar da zai je Abuja a tantance shi. Ya ɗaure bel tun ba a rufe ƙofa ba, bai kuma kwance ba sai da ma'aikaciyar jirgin ta zo ta ce masa an iso, kowa ya fita.

A wurin tantancewa za a yi maka tambaya guda mai haɗari. Ka natsu, ka amsa iya abin da aka tambaye ka, kada ka yi kyautar ko kalma ɗaya.

"Malam Zubair, kana da hannun jari a wani kamfanin jiragen sama?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ko na sisin kwabo ba ni da shi."

Gaskiya ya faɗa tsakaninsa da Allah. Mai hannun jarin tana Gaya a lokacin, tana haƙori, tana gwaguyar cokali. Ba wanda ya tambaye shi wa ya ba shi mata, shi kuwa mutum ne da ba ya surutu a gaban manya. Aka ce ya rusuna ya tafi. Rusunawa kuwa ita ce abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Mataki na 3: Ka tabbata kowa a teburin yana da nasa

Kada ka zama kai kaɗai ne mai alaƙa. Mutum ɗaya mai alaƙa abin kunya ne. Mutane tara masu alaƙa kuwa hukuma ce.

Zubair ya yi dace. Shugaban hukumar, Muhammad Bashir, tsohon manajan kamfanin Alhaji ne, kuma har yanzu butarsa da dardumarsa suna can a tsohon ofishinsa, ana share musu ƙura, suna jiran wa'adinsa ya ƙare. Na kusa da shi, shi ke sayar wa kamfanin mai. Na gefen taga, matarsa ce ke soya fanken da ake ba fasinjoji. Sauran kuma kowa da kamfanin da yake ci a ciki.

Akwai ƙa'idar da ta ce in aka zo maganar kamfanin da kake da alaƙa da shi, ka tashi ka fita har a gama. Sun gwada sau ɗaya. Aka ambaci kamfanin Alhaji, mutane suka miƙe, aka yi cunkoso a bakin ƙofa, ɗaki ya rage daga fanka sai kwalaben ruwa. Suka tsaya a baranda suna kallon juna. Daga nan shugaba ya ce saboda kishin ƙasa, kuma don kada aikin gwamnati ya tsaya, kowa ya daure ya riƙa zama. Suka daure.

Mataki na 4: Ka riƙe kunya, ita ce jarinka

Nan ne ɗan Bahaushe ya fi kowa sa'a a wannan aiki. Wasu sai sun ƙirƙiro dabara, kai kuwa da ita aka raine ka. Ba a faɗin sunan suruki. Ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a musu da shi. Tarbiyya ce mai kyau, an yi ta don zaure da tsakar gida. Kai sai ka naɗe ta ka tafi da ita ofis.

Ka tuna Alhaji sunansa ya sa wa kamfanin. To, ta yaya Zubair zai buɗe baki a gaban mutane ya ambace shi? In ya zama dole ya yi magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Game da kamfanin nan…"

Sakatare ya ɗaga biro. "Wanne daga ciki, yallaɓai?"

"Na su Baba."

Sakatare ba zai rubuta Baba a takardar gwamnati ba, sai ya rubuta "wani kamfani". Ka ga an gama. Ba a taɓa jin an hana wani kamfani tashi ba, sai dai kamfani mai suna.

Kuma ba wanda zai zarge ka. A Gaya ma yabonka za a yi, a ce yaron nan ya je Abuja amma Abuja ba ta ɓata shi ba.

Mataki na 5: Ranar zuwa duba jirgi, ka san inda za ka ajiye idonka

Wata rana dole a ce ku je ku gani da ido. Kada ka firgita. Ka sa babbar riga, don mai babbar riga ba a sa ran ya hau tsani. Sannan ka tabbata mai jirgin ya san za ku zo, domin ya zo ya tarbe ku.

Ranar da su Zubair suka je rumfar jirage, Alhaji ya riga su isa. Yana tsaye a inuwar fiffiken hagu na babban jirgin, ana yi masa fifita. Jirgin ya sha sabon fenti, sai ƙyalli yake yi kamar kwanon amarya. Zubair na hango surukinsa ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya taka siminti mai maiƙo da safa, ya je ya durƙusa.

"Barka da hutawa, Baba."

"A'a, Malam Zubair! Ya amaryata? Ta daina kukan haƙorin?"

"Ta daina, Baba."

A cikin tawagar akwai injiniyar hukumar, Hindatu, wadda ita ce aikinta hawa tsani da tocila. Ta riga ta hau ta sauko, fuskarta ba annuri. Ta matso kusa da Zubair tana nuna sama, daidai wurin da inji ya kama fiffike.

"Yallaɓai, ɗago ka ga wani abu."

To, ka auna da kanka. In ya ɗaga kai, kafin idonsa ya kai fiffike sai ya bi ta fuskar Alhaji. Zubair ya ƙara sunkuyawa.

"Yallaɓai, nan fa, saman kan Alhaji. An shafe shi da fenti, amma in ka haska…"

Muhammad Bashir ya yi gyaran murya. "Injiniya, ba a nan ake wannan maganar ba. Ki bari mu koma ofis."

Alhaji ya dube su. "Lafiya dai ko?"

"Ƙananan abubuwa ne na ma'aikata, Alhaji."

Alhaji ya juyo wurin wanda ya fi yarda da shi. "Malam Zubair, babu dai matsala ko?"

"Babu, Baba."

Aka kawo abinci. Zubair ba zai ci a gaban suruki ba, sai aka zuba masa nasa a but ɗin mota, har da na kaiwa gida. A iya abin da ya duba ranar, wato daɓen rumfar, bai ga wani aibu ba. A share yake tas.

Hikimar da ke nan: abin da kunne ya ji, ofis yana iya mantar da shi. Ido ne mai naci. Ka kiyaye idonka.

Mataki na 6: In injiniya ta nace, ka girmama ta

A kowace hukuma akwai mutum ɗaya da ya ɗauka aikin da aka rubuta a allon ƙofa shi ne aikin. Kada ka yi faɗa da irinsu. Faɗa yana jawo 'yan jarida.

Da aka koma ofis, Hindatu ta tsaya a gaban teburi ta yi bayani da Hausar da ko malamin gona zai gane. Ta ce akwai tsaga a ƙarfen da ke riƙe da injin hagu. Ta ce fenti ba ya ɗinke ƙarfe. Ta ce tsagar za ta riƙa ƙaruwa duk tashi duk sauka, kuma ba wanda zai iya cewa ga ranar da za ta gama. Ta ce a ajiye jirgin har a canza ƙarfen.

Mai sayar da mai ya duba agogo. Mijin mai fanke ya buɗe kwalbar ruwa. Zubair ya buɗe baki zai yi magana, don sunan 'yarsa ne a jikin abin da ake magana a kai. Amma da ya tuna cewa in an ajiye jirgin shi za a fara kira daga Gaya, sai ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ga yadda ake yi, ka haddace. Da farko a gode mata. Na biyu a kafa ƙaramin kwamiti da zai duba abin da ta duba, a sa mai sayar da mai ya shugabance shi. Na uku, kafin kwamiti ya zauna, a bar jirgin ya ci gaba da aiki na wucin gadi, don kada a zalunci ɗan kasuwa a kan zato. Na huɗu, saboda ƙwazonta, a tura ta ƙaro ilimi. Hindatu kwas aka tura ta na koyon hulɗa da jama'a.

Aka miƙo takardar izini, kowa ya sa hannu. Zubair ya sa nasa a ƙasa, ƙarami, cikin ladabi.

In ɗan jarida ya tare ka, kalmomi uku sun ishe ka: ana kan bincike. In ya matsa, ka ce rai a hannun Allah yake. Gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai ka faɗe ta da sauri ka shige mota, kafin ya lura cewa kai ma sai da ka sa direba ya duba tayoyi kafin ku taso.

Mataki na 7: Kada ka yarda a sa naka a ciki

Duk matakan baya sun tsaya ne a kan ginshiƙi ɗaya: waɗanda ke cikin jirgin ba ka san su ba. Fasinja adadi ne. Ranar da fasinja ya yi suna, ya yi fuska, ya kira ka Abba, ginin ya fara rawa. A nan Zubair ya yi sakaci.

Magana ba ta zama a ofis. Ta bi wayoyi ta iso Gaya, aka fara raɗe-raɗi a majalisu cewa jirgin Alhaji ba shi da lafiya. Alhaji ya ji, ransa ya ɓaci, ya ce aikin mahassada ne, kuma zai rufe bakinsu a bainar jama'a. Ya sa aka yi shela: babban jirgi zai kwashi mutanen Gaya da Ajingi kyauta, a kai su Legas su ga teku a dawo da su. Kuma mai jirgin da kanta, Nuriyya, ita za ta fara taka matakala, a bayan uwarta.

Gari ya ɗauka. Teloli suka daina barci. Mahaifiyar Zubair, daga Toranke, ta aiko a gaya masa ta sa lalle, kuma a ba ta kujerar taga. Su kuwa 'yan hukuma, da aka kai musu katin gayyata, sai duk suka tuna da ƙa'ida a lokaci ɗaya. Muhammad Bashir ya ce bai dace a ga ɗan hukuma a jirgin kamfanin da yake sa wa ido ba, kada jama'a su yi zaton akwai alaƙa.

Zubair ya dawo gida abinci ya daina wuce masa. Wata ranar Asabar da hantsi ya sami Raihana a tsakar gida za ta yi wa Nuriyya wanka. Ta surka ruwa a baho, ta tsoma gwiwar hannu, ta ƙara na sanyi, ta sake tsomawa, sannan ta zaunar da yarinyar. Ya tsaya a kansu yana murza hula.

"Maman Nuriyya, anya yarinyar nan ba mura take yi ba? Na ji kamar ta yi atishawa."

"Hoda ce ta shiga hancinta."

"Sanyin cikin jirgi fa ba shi da kyau ga yara. Da mota kuka bi, kwa ga garuruwa."

"Daga Gaya har Legas? A mota? Da goyo?" Ta ɗago ta dube shi. Raihana ba ta da yawan magana, amma in ta kalli mutum sai ya ji kamar ana lissafa masa haƙarƙari. "Abban Nuriyya, ka duba jirgin nan?"

"Hukuma ta duba."

"Ni ba hukuma nake aure ba. Kai, da idonka, ka duba?"

"An kafa kwamiti…"

Ta ciro yarinyar daga ruwa, ta naɗe ta a tawul, ta rungume. "Ka ga ruwan nan? Ni na dafa shi, ni na surka shi, amma ban taɓa tsoma ta ba sai na fara tsoma hannuna. Kai da aka ba ka jirgi guda, me ka tsoma?"

A nan ƙwararre zai ce ana kiran sa a waya. Zubair kuwa sai ya zauna a kan turmi ya faɗi komai: tsagar, fentin, injiniyar, sa hannun. Da ya gama ya kawo shawarar da yake ganin ta warware matsala.

"Sai mu ce yarinya ba ta da lafiya. Inna kuma in ce mata an ɗaga tafiyar. Shi ke nan, namu sun fita."

"Namu sun fita." Ta maimaita a hankali. "Matar Yusuf mai faci fa, da ta zo jiya aron akwatina? Da tagwayenta za ta. Ta yi musu ɗinki iri ɗaya. Su 'ya'yan kaji ne?"

"To ya kike so in yi? In je in kalli tsabar idon Baba in ce masa jirginsa tsagagge ne?"

"Kai surukinka ne. Ni ubana ne. Tashi ka sa riga."

Ka ga illar aure ba bincike. Mutum ya tsaya duban arzikin uba, bai tsaya ya ga yadda 'yar take yi wa yaro wanka ba.

Mataki na 8: In ta kwaɓe, ka tabbata kujerar ba ta bar gida ba

Sun sami Alhaji bayan la'asar a falonsa, shi kaɗai, yana jin rediyo. Zubair ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofa. Raihana ta kwance goyo, Alhaji ya miƙa hannu yana dariya.

"Amarya ta zo gaida ango! Har an yi kitson tafiya? To, ki shirya, gobe-jibi duk Legas sai ta san kin iso."

Raihana ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Baba, Nuriyya ba za ta shiga jirgin nan ba."

"Saboda me?"

"Ga wanda ya duba shi nan. A tambaye shi."

Alhaji ya yi murmushi. "Ke ma kin saurari 'yan baƙin ciki? Ai shi ya sa hankalina yake kwance. Hukuma ta duba ta sa hannu, ga ɗana a cikinta. Da akwai wani abu, ai da ya faɗa mini. Ko ba haka ba, Malam Zubair?"

Zubair ya kafa wa ƙasa ido. Shi duk kwanakin nan abin da yake rarrashin kansa da shi ke nan: da abin ya kai yadda injiniya ta faɗa, ai Baba ba zai sa jikarsa a ciki ba. Ashe Baba shi ya dogara da shi. Danga biyu ce gara ta cinye, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, ga mutum ɗari da wani abu za su zauna a inuwarsu.

Alhaji ya kashe rediyo.

"Malam Zubair. Ranar da kuka zo, ka ga fiffiken nan?"

"Baba, kana tsaye a ƙarƙashinsa."

"To me ka gani?"

"Takalmanka, Baba. Baƙaƙe ne, sau-ciki. Na hagu ya ɗan ci ta gefe."

Alhaji ya dubi ƙafafunsa. Ya dubi yarinyar da ke kan cinyarsa tana ƙoƙarin cire masa hula. Hannunsa da ke riƙe da bayanta ya ƙara matsewa har ta yi ƙara.

"Yarinyar nan da ta yi ta nuna saman kaina, wace ce?"

"Injiniya Hindatu."

"Tana ina?"

"Mun tura ta ƙaro ilimi, Baba."

"Ilimin me?"

"Hulɗa da jama'a."

Abin da Alhaji ya ce daga nan ba na rubutawa ba ne, yara suna karanta wayoyin iyayensu. An dai dawo da Hindatu daga kwas. Ta kafa tsani, Alhaji ya tuɓe babbar riga ya hau da kansa. Ta kankare fentin, ya sa farcen babban yatsansa a tsagar, farcen ya shige. Ya sauko a hankali ya zauna a kan simintin da surukinsa ya duba ya ce ba aibu. Babban jirgi bai je Legas ba. Bai je ko'ina ba sai da aka kawo sabon ƙarfe.

Yanzu ka kula da yadda ƙwararru suke tattara kaya. Washegari hukuma ta fitar da sanarwa cewa saboda sa idon da take yi ba dare ba rana, ta gano matsala ta kuma dakatar da jirgin wani kamfani. Muhammad Bashir ya yi hira a rediyo, muryarsa har rawa take don kishin rayukan jama'a. Matar Yusuf mai faci ta aiko da akwati ba ko sannu, ta daina gaida Raihana a gidan biki, tana cewa 'ya'yan masu kuɗi ba sa son talaka ya ga teku. In tagwayen suka wuce ta ƙofar gida za su Islamiyya, Raihana takan bi su da kallo har su sha kwana.

Zubair kuwa, Alhaji ya sake buga waya guda. Yanzu Zubair ya koma sakatariya, yana koya wa mutanen Gafasa tazarar shuka, kuma an ce abinci ya dawo yana wuce masa.

Alhaji ya ce ya ɗauki darasi: ba zai ƙara sa mai kunya a wurin nan ba. Saboda haka kujerar aka ba Muhyiddeen, ɗan kawun Alhaji, wato taubashinsa. Shi kam ba ya sunkuyar da kai. Ranar da suka je duba ƙaramin jirgin, a gaban kowa ya daki tayar da ƙafa ya ce, "Kai Ɗantani, wannan akwalar taka wata rana sai ta juye mutane a gonar wani!" Rumfa ta kwashe da dariya, har da Alhaji, yana cewa bawa ba ya raina ubangidansa. Ai kowa ya san maganar taubashi wasa ce. Aka ci abinci tare, aka sa hannu. Hindatu ba ta wurin, an mayar da ita ta ƙarasa kwas.

Ƙaramin jirgin yana nan yana tashi safe da yamma. Ba a rubuta sunan jikar kowa a jikinsa ba.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ta san wata hukuma ba, ba ta san wani kamfani ba, kuma in ka je Gaya neman Alhaji Ɗantani mai jirage, kuɗin adaidaitarka ka ɓata. In ka ga kamar da kai ake, wannan tsakaninka da surukinka ne. In ka bi matakan nan ka yi nasara, ba na neman tukuici. In kuma ka bi su wani abu ya faɗo daga sama, ba ni na aike ka ba, ban sa hannu ba, ban ma iya hawa tsani ba. Kada a zo ana buga mini ƙofa, yarona yana barci.

Ke kuwa 'yar'uwa mai goyo da kike leƙen wannan ta bayan kafaɗarsa, ba da ke aka yi darasin ba, amma tunda kin karanta: kafin ki taka matakalar jirgi, ki tambaya jikar wa ke ciki. In aka ce babu, ki ƙara ɗaure majanyinki, ki tambaya wa ya duba shi, kuma ranar da ya duba, ina idonsa yake.